Yadda Awon Jini Ya Shiga Ɗakin Likitan Haƙori

A asibitocin haƙori da dama na Amurka, da wasu na Turai, kafin majiyyaci ya buɗe baki sai an ɗaura masa abin awon hawan jini a damtse. A wasu wuraren akan soki ɗan yatsansa a ɗiga jini don gwajin suga, a tambaye shi ko yana shan taba, a shafa wuyansa ko za a ji kaluluwa, sannan a kama harshensa da ƙyalle a duba gefensa da ƙarƙashinsa. Yawancin waɗannan ayyuka na likitan kiwon lafiya a matakin farko ne, kuma manufarsu ita ce a gano cutar da ke ɓoye tun kafin mai ita ya ji a jikinsa, a tura shi inda za a yi masa magani. Al'adar ba ta daɗe ba, shekarunta hamsin ne da 'yan kai, kuma har yanzu ba ta game ko'ina ba. Dalilin makararta yana cikin tarihin sana'ar haƙori, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru tana tafiya a hanyarta daban da ta sauran likitanci.

Manyan likitocin dā ba su ware baki daga sauran jiki ba. Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya rubuta littafinsa al-Tasrif a kashi 30, na ƙarshen kuwa kan tiyata ne. A cikinsa ya zana kayan kankare dattin da ke daskarewa a gindin haƙora da awartakan cire su, ya bayyana yadda ake ɗaure haƙoran da ke girgiɗi da zaren zinariya ko azurfa, duk a wuri ɗaya da ɗorin karaya da ɗinkin rauni. Ya yi gargaɗi kada a yi gaggawar cire haƙori, ya kuma soki masu ƙaho marasa ilmi da ke karya shi su bar saiwarsa a ciki. Wannan suka tana nuna cewa tun a zamaninsa akwai masu aikin hannu da talakawa ke kai wa haƙoransu. An fassara kashin tiyatar zuwa Latin a ƙarni na 12, Turawa suka daɗe suna karatu da shi.

Rabuwar ta yi ƙarfi ne a Turai ta tsakiyar zamani. A 1215 babban taron cocin Katolika na Lateran ya hana limaman coci aikin tiyatar da ke buƙatar yanka ko ƙuna, alhali su ne mafi yawan masu karatu a lokacin. Likitan jami'a ya zama mutumin littafi: ya duba fitsari, ya ji bugun jijiya, ya rubuta magani. Abin da ya shafi aska da jini kuwa aka bar wa wanzamai, waɗanda aikinsu ya yi kama da na wanzaman ƙasar Hausa, wato aski da ƙaho da tsaga da fasa ƙurji, ga kuma cire haƙori. A Ingila dokar 1540 ta haɗa wanzaman Landan da masu tiyata a ƙungiya ɗaya, ta hana wanzami taɓa tiyata in ban da cire haƙori. Da masu tiyata suka ɓalle a 1745 suka nufi sahun likitoci, yawancin aikin haƙori ya zauna a hannun wanzamai da maƙera da masu yawo kasuwa-kasuwa da awartaki.

A Faransa aka fara ɗaga darajar sana'ar. Dokar 1699 ta wajabta wa mai son aikin haƙori a Paris ya ci jarrabawa. Pierre Fauchard, wanda ya koyi tiyata a rundunar sojan ruwa, inda ya ga yadda cutar nan ta matuƙan jirgi da rashin ɗanyen 'ya'yan itace ke kawowa take ruɓar da dasashi, ya fitar da littafinsa Le Chirurgien Dentiste a 1728. Ya tattara ilmin da masu sana'ar ke ɓoye wa juna ya shimfiɗa shi a fili, kuma ya ɗauki kansa mai tiyata ne da ya ƙware a baki. A Landan ma babban mai tiyata John Hunter ya rubuta littafi kan halittar haƙoran ɗan Adam a 1771. Har zuwa wannan lokaci akwai damar haƙori ya zama reshen likitanci kamar yadda ido da kunne suka zama daga baya.

Birnin Baltimore na jihar Maryland a Amurka ne ya sauya akalar lamarin. A 1840 wasu likitocin haƙori biyu, Horace Hayden da Chapin Harris, suka sami izinin majalisar jihar suka buɗe kwalejin haƙori ta farko a duniya, mai cin gashin kanta, da nata digirin na daban. Hayden ya taɓa koyar da ɗaliban likitanci na Jami'ar Maryland darussan haƙori. Labarin da ya shahara a tsakanin masu sana'ar shi ne mutanen biyu sun nemi a buɗe musu sashe a makarantar likitancin aka ƙi, saboda malamanta na kallon aikin haƙori a matsayin aikin kanikanci. Masana tarihi na baya sun yi jayayya kan yadda ƙin ya auku, amma sakamakon a bayyane yake. Ɗalibai biyar suka fara karatu, biyu suka kammala a 1841. A daidai wannan lokaci aka kafa mujallar haƙori ta farko da ƙungiyar likitocin haƙori ta ƙasa ta farko, kuma duk sana'ar da ta mallaki makaranta da mujalla da ƙungiya ta kama hanyar tsayawa da ƙafafunta. Jami'ar Harvard ta buɗe tata makarantar haƙorin a 1867, ita ma daban da ta likitanci. Ingila ta bi sahu da dokar rajistar likitocin haƙori ta 1878, sai ta 1921 da ta hana wanda ba shi da rajista taɓa aikin, har ta kai ga ba su majalisar kansu a 1956. Wasu ƙasashen Turai kamar Italiya da Sifen da Ostiriya sun daɗe suna buƙatar mutum ya zama likita tukuna kafin ya ƙware a baki, amma su ma suka koma tsarin makaranta daban a ƙarshen ƙarni na 20.

Abin lura shi ne wannan sana'a da aka raina ita ta ba wa tiyata babbar kyautarta. Likitan haƙori Horace Wells ne ya fara amfani da iskar nan mai sa dariya wajen cire haƙori ba tare da zafi ba a Disamba 1844, abokin sana'arsa William Morton kuma ya sa majiyyaci barci da maganin shaƙa a babban asibitin Massachusetts ranar 16 ga Oktoba 1846, aka yanke masa ƙari a wuya bai yi ihu ba.

Karo na farko da likitocin jiki suka waiwayi baki da gaske bai yi kyau ba, kuma wajibi ne a san wannan babi domin a fahimci taka-tsantsan ɗin da ake yi a yau. Willoughby Miller, Ba'amurke da ya yi bincike a Berlin, ya nuna a 1890 cewa ƙwayoyin cuta ne ke sarrafa ragowar abinci su fitar da tsamin da ke cin haƙori. Shekara guda bayan haka ya rubuta cewa baki na iya zama matattarar da cuta ke tasowa ta bazu cikin jiki. Wani likitan Birtaniya, William Hunter, ya ɗauki maganar da zafi. A laccar da ya gabatar a Jami'ar McGill ta Kanada a 1910 ya zargi likitocin haƙorin Amurka da lulluɓe ruɓaɓɓun haƙora da zinariya, suna binne mugunya a ƙarƙashin ado, ya ɗora wa wannan alhakin ƙarancin jini da ciwon ciki da cututtukan jijiya. Frank Billings na Chicago da Edward Rosenow suka faɗaɗa ra'ayin, Weston Price kuma ya riƙa dasa haƙoran da aka cire wa marasa lafiya a ƙarƙashin fatar zomaye, yana cewa zomayen na kamuwa da cutar masu haƙoran.

Abin da ya biyo baya ɓarna ce mai yawa. Mai ciwon gaɓɓai ko ciwon ƙoda ko yawan kasala sai likita ya tura shi a zubar masa da haƙora, masu kyau da marasa kyau, a haɗa da 'yan wuya. A asibitin masu taɓin hankali na Trenton da ke jihar New Jersey, shugabansa Henry Cotton ya sa an cire dubban haƙora, ya wuce nan ya shiga yanke hanjin majiyyata, da yawa suka mutu. Sai a 1938 Russell Cecil da Murray Angevine suka bi diddigin mutum 200 masu ciwon gaɓɓai, suka ga cire haƙori da 'yan wuya bai warkar da su ba, wasu ma ciwon ƙaruwa ya yi. Zuwa shekarun 1950 ra'ayin ya faɗi. Ya bar mutane masu yawa da haƙoran roba tun suna matasa, ya kuma bar wa sana'o'in biyu ɗari-ɗarin duk wata magana da ke danganta baki da cutar jiki. Abin da ya tsira daga wannan zamani shi ne abin da ke da hujja: ƙwayoyin cutar baki na iya shiga jini su kama zuciyar da ke da lahani, shi ya sa ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fara ba da shawarar shan maganin kariya kafin aikin haƙori ga irin waɗannan mutane a 1955.

Ana cikin wannan hali abubuwa biyu suka faru da suka yi tasiri daga baya. Na farko rahoton William Gies ne na 1926, wanda gidauniyar Carnegie ta ɗauki nauyinsa. Gies masanin sinadaran jiki ne a Jami'ar Columbia, ya zagaya makarantun haƙori na Amurka da Kanada, ya ba da shawarar a mayar da su cikin jami'o'i, a koya wa ɗalibansu ilmin jiki daidai da na ɗaliban likitanci, amma sana'ar ta ci gaba da zaman kanta. Na biyu shi ne haihuwar al'adar zuwa wurin likitan haƙori ba tare da ciwo ba. Alfred Fones ya buɗe makarantar farko ta masu wankin haƙori a Bridgeport a 1913, domin a sami ma'aikatan da aikinsu shi ne tsabtace baki da koyar da kula da shi. Tallan man goge baki na Pepsodent a rediyo, tun daga ƙarshen shekarun 1920, ya yi ta nanata wa Amurkawa su ga likitan haƙori sau biyu a shekara. Adadin bai fito daga wani bincike ba, kuma hukumar tsara ƙa'idojin magani ta Ingila ta sassauta shi a 2004, ta ce tazarar babban mutum na iya kamawa daga wata uku zuwa wata 24 gwargwadon halin bakinsa. Duk da haka al'adar ta zauna, ta samar da wani abu da ba kasafai ake samun irinsa a sauran fannonin lafiya ba: miliyoyin mutane masu jin lafiyarsu ƙalau suna kai kansu gaban ma'aikacin lafiya a kai a kai.

Kuɗi ne suka ƙarasa gina katangar da ke tsakanin sana'o'in biyu. Hukumar lafiya ta ƙasa da Birtaniya ta kafa a 1948 ta fara da aikin haƙori kyauta, amma cikin shekara uku aka sa kuɗi a kan haƙoran roba da tabarau, abin da ya sa Aneurin Bevan, wanda ya kafa hukumar, ya ajiye muƙaminsa na minista a 1951. A Amurka inshorar haƙori ta taso daban, daga yarjejeniyar da ƙungiyar ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta gabar yamma ta ƙulla a 1954 don 'ya'yan mambobinta. Da aka kafa shirin Medicare na tsofaffi a 1965, dokar ta fitar da aikin haƙori na yau da kullum daga ciki. Daga nan kowane ɓangare ya zama da nasa kamfanin inshora da lambobin biyan kuɗi da fayil, likitan jiki bai san abin da ke fayil ɗin likitan haƙori ba, shi ma wancan haka.

Hawan jini ne ya fara huda katangar. Abin awonsa tsoho ne, Riva-Rocci ya ƙera na ɗaurawa a damtse a 1896, Korotkoff ya ƙara hanyar sauraron jijiya a 1905, amma likitoci sun daɗe suna ɗaukar hawan jini a matsayin abin da ke zuwa da tsufa wanda bai kamata a taɓa ba. Binciken Framingham da aka fara a 1948 da mutum 5,209 ya nuna alaƙarsa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Sannan gwajin da aka yi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, wanda aka wallafa a 1967, ya kawo hujjar da ba ta da musu: cikin maza 143 masu hawan jini mai tsanani, mutum 27 ne suka gamu da mummunar matsala a rukunin da bai sami magani ba, mutum biyu kacal a rukunin da ya samu. Tunda magani na aiki, sai neman masu cutar ya zama dole, ga shi kusan rabinsu ba su san suna da ita ba. Gwamnatin Amurka ta ƙaddamar da shirin wayar da kai kan hawan jini a 1972, kuma a 1974 ƙungiyar likitocin haƙori ta ƙasar ta buƙaci mambobinta su shiga aikin awon. Likitan haƙori na da nasa dalilin ma. Allurar kashe zafin da yake yi tana ɗauke da sinadarin adirenalin, tsoro da ciwo kuma na ɗaga jini, don haka sanin awon majiyyaci kafin a fara aiki kariya ce ga su biyun. Wannan haɗuwar bukata ita ta sa awon hawan jini ya fi kowane gwaji karɓuwa a ɗakin haƙori.

Ƙanjamau ta zo da darasi na biyu. Tun farkon shekarun 1980 aka lura alamominta na farko sukan fito a baki: farin gansakuka a harshe da ganda, da jan tabo mai duhu a dasashi. A 1984 Deborah Greenspan da John Greenspan na Jami'ar California da ke San Francisco suka bayyana wani farin tabo mai kama da gashi a gefen harshe, wanda ya zama alamar raunin garkuwar jiki. Likitocin haƙori da yawa su suka fara cewa majiyyaci ya je a gwada jininsa. A 2004 aka amince da gwajin gaggawa na OraQuick da ake yi ta hanyar shafa dasashi, sakamako ya fito cikin minti 20, a 2006 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa gwada duk mai shekara 13 zuwa 64 a wuraren kiwon lafiya. Asibitocin haƙori kaɗan ne suka ɗauka, yawancinsu na gwamnati da na jami'o'i, domin gaya wa mutum irin wannan sakamako aiki ne da ba a horar da likitan haƙori a kansa ba.

Daga ƙarshen shekarun 1980 tsohuwar tambayar alaƙar baki da cutar jiki ta dawo, wannan karon da ingantattun hanyoyin bincike. Wani nazari daga Helsinki a 1989 ya ga masu bugun zuciya sun fi sauran mutane lalacewar baki. Binciken da aka yi a tsakanin ƙabilar Pima ta jihar Arizona, inda ciwon suga ya yi katutu, ya nuna cutar dasashi ta ninka kusan sau uku a wurin masu suga, har Harald Löe ya lissafa ta a 1993 a matsayin illa ta shida ta ciwon. A 1996 aka danganta cutar dasashi da haihuwar bakwaini. Wasu masu sana'ar suka fara zaƙewa kamar na 1910, amma gwaje-gwaje suka ja musu linzami. Babban gwajin da aka wallafa a 2006 ya nuna yi wa masu juna biyu maganin dasashi ba shi da haɗari, sai dai bai rage haihuwar bakwaini ba. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta bayyana a 2012 cewa cututtukan biyu na tafiya tare amma ba a tabbatar ɗaya na jawo ɗaya ba. Ciwon suga ne kaɗai hujjarsa ta yi ƙwari ta fuska biyu: suga na lalata dasashi, kumburin dasashi kuma na wahalar da saukar suga. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2022 ya tattara gwaje-gwaje ya ga maganin dasashi na rage awon HbA1c, wato matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku, da kimanin 0.43 bayan wata uku zuwa huɗu. Ragi ne mai amfani, ko da yake ba ya maye gurbin magani.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ƙarshe ta lissafi ce. Rahoton babban jami'in lafiya na Amurka David Satcher na shekarar 2000 ya ja hankali kan yadda aka yi watsi da lafiyar baki, mutuwar wani yaro mai shekara 12 a Maryland a 2007, bayan ƙurjin haƙori ya kai ƙwaƙwalwarsa, ta kai maganar zauren majalisar dokoki. Sai wani nazari na Jami'ar New York da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa a 2008 Amurkawa kusan miliyan 20 sun ga likitan haƙori amma ba su ga likitan jiki ba. Masu bincike na Jami'ar Columbia kuma suka gwada mutum sama da 500 da suka zo asibitin haƙori a arewacin Manhattan, waɗanda ba a taɓa ce musu suna da suga ba. Ƙidayar haƙoran da suka zube da auna zurfin ramukan dasashi kaɗai sun gano kashi 73 cikin ɗari na masu suga ko masu dab da kamuwa, da aka ƙara gwajin ɗan yatsa adadin ya kai kashi 92. A 2018 aka ƙirƙiro lambar biyan kuɗi D0411 don gwajin HbA1c a ɗakin haƙori. A ido lambar ƙaramin abu ce, amma a tsarin da ba a biyan aikin da ba shi da lamba, ita ce shaidar cewa gwajin ya zama aikin sana'ar.

Yin gwajin yadda ya dace ya fi yadda ake zato wuya. Ƙa'idar awon hawan jini ita ce mutum ya zauna minti biyar, bayansa a jingine, tafin ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa daidai da ƙirjinsa, abin ɗaurawar ya dace da kaurin damtsensa, kuma kada ya yi magana. Wanda ke kan kujerar haƙori kuwa ƙafafunsa a miƙe suke, fitila na haska fuskarsa, yana jin ƙarar injin haƙa daga ɗaki na kusa, wataƙila ya kwana bai yi barci ba saboda zogi, ya kuma sha maganin ciwon da shi kansa kan ɗaga jini. Awo ɗaya a wannan hali ba ya isa a ce mutum na da cuta. Saboda haka likitan haƙori ba ya yanke hukunci, ba ya kuma rubuta maganin hawan jini ko na suga. Yakan sake awon bayan an huta, ya rubuta lambobin a takarda, ya tura mutum wurin likitan jiki. In awon ya kai 180 bisa 110, yawanci akan ɗage duk aikin da ba na gaggawa ba. A gwajin HbA1c kuma 5.7 zuwa 6.4 na nuna mutum na dab da kamuwa, 6.5 zuwa sama na bukatar tabbatarwa a ɗakin gwaji.

A wajen turawar ne gizo ke saƙa. Tun a 1968 Wilson da Jungner, a ƙa'idojin da suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya, suka gindaya sharaɗin cewa kada a nemi cuta a jikin mai jin lafiya sai an tanadi inda za a tabbatar da ita a yi magani. Da yawa daga waɗanda ba sa zuwa wurin likitan jiki suna da dalili, ko rashin inshora ko rashin lokaci ko tsoro, kuma takardar da aka miƙa musu ba ta kawar da ko ɗaya. Shi ya sa aikin ya fi tafiya a cibiyoyin da suka haɗa ɓangarorin biyu a fayil ɗaya na kwamfuta, kamar asibitin Marshfield na jihar Wisconsin da Kaiser Permanente a Oregon, inda mai wankin haƙori ke iya ganin cewa lokacin wani gwaji ko rigakafi ya wuce, ta sa wa majiyyaci ranar ganin likita kafin ya tashi. Jihar Oregon ta ba likitocin haƙori izinin yin allurar rigakafi a 2019, a Maris 2021 kuma gwamnatin tarayya ta ba su izinin yin ta korona a duk faɗin ƙasar. Ingila ta fara gwada awon hawan jini a wuraren likitocin haƙori da na ido a 2024. Har yanzu akwai likitocin haƙori da ke ƙorafin lokaci da rashin biya da tsoron ɗaukar alhakin abin da ba fanninsu ba, kuma ƙorafin nasu na da tushe matuƙar ba a gyara tsarin biyan ba.

Duk wannan tarihi ya ginu ne a kan al'ummar da ke zuwa duba haƙori ba tare da ciwo ba. A yawancin Afirka da kudancin Asiya mutum ba ya zuwa sai kunci ya kumbura, kuma a nahiyar Afirka ba a kai likitan haƙori ɗaya ga mutum 10,000 ba. Nijeriya na da wata dama, domin majalisa ɗaya ce ke kula da likitocin jiki da na haƙori, ɗalibansu kuma tare suke fara karatu tun bayan da Jami'ar Legas ta buɗe makarantar haƙori ta farko a shekarun 1960. Magidancin da zogi ya kawo asibitin haƙori wataƙila ba a taɓa auna jininsa ba, don haka auna shi a wannan rana abu ne da ya kamata ya zama ƙa'ida. Amma mafi yawan jama'a ba za su taɓa hawa wannan kujera ba, saboda haka a irin waɗannan ƙasashe haɗin ya fi amfani idan aka juya shi, aka kai duba baki ɗakin shan magani na unguwa da na ƙauye. Gwajin da aka yi a jihar Kerala ta Indiya, wanda aka wallafa a 2005, ya nuna haka: ma'aikatan lafiya da aka horar, ba likitocin haƙori ba, suka bi gida-gida suna duba baki da ido da fitila, mutuwa daga sankarar baki ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu taba da barasa. Cutar noma ma, mai cin fuskar yara masu tamowa 'yan shekara biyu zuwa shida, wadda aka buɗe mata asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, tana farawa ne da kumburin dasashi da ma'aikaciyar awon yara za ta iya gani ta magance da wuri in an koya mata ta buɗe bakin yaro. Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamba 2023. Hukumar, wadda ta ƙiyasta a 2022 cewa kusan mutum biliyan 3.5 na fama da cututtukan baki, ta nemi ƙasashe su shigar da kula da baki cikin kiwon lafiya a matakin farko, da burin kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya su sami haƙƙin wannan kulawa zuwa 2030.